Sussukar Gwaggo Iyatu

A Badarawa an daɗe da yanke wa Gwaggo Iyatu mai fura hukuncin ƙyuya. Ga turmi har biyu a gidanta, ga taɓarya, ga ƙarfi irin na tsofaffin da ba su san zama ba, amma ba a taɓa jin tana sussuka ba. Sai dai ta ɗora dami a kan jakinta, ta bi lungu tana yi masa faɗa kamar yana jin Hausa, ta kai gidan wata ta ce a sussuke mata. Matan gari suna cewa kuɗin fura ne suka hau mata kai. Ita kuwa tana jin su, ta bar su a kan haka, domin abin da take so su ɗauka ke nan.

Abin da ba a faɗa shi ne yadda cinikin yake ƙarewa. Dami uku take kaiwa. Washegari ta dawo ta karɓi tsabar dami ɗaya, ta ce sauran ladan aiki ne, ta ja jakinta kafin a buɗe baki. Ita da matar gidan duk sun san ladan sussuka bai kai ko kusa da haka ba, amma babu mai ɗaga ido ya kalli wani. Maigida ya dawo ya tarar da tuwo, a ce masa aikin Iyatu aka yi. Ya ci da ƙarfin zuciya, tun da gumin iyalinsa ne.

Ba da ka take zaɓen gidajen ba. Ita ce ungozomar rabin garin, saboda haka babu zauren da ake tsayar da ita. In ta shiga gida, tun kafin a gama gaisuwa idonta ya kai murhu. Ta san tokar jiya, ta san ta shekaranjiya. Ta san matar da ke ɗora tukunyar ruwa zalla ta rufe da murfi, don maƙwabta su ga hayaƙi yana tashi su ce an yi girki. Hatsin kuma, ban da na gonar da mijinta ya bar mata, akwai gidaje uku masu cikakken rumbu da ke tura mata dammuna da kaka. Ba su taɓa tambayar ina take kaiwa ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Cikin gidajen da take kai wa aiki, wanda ya fi tsaya mata a rai shi ne na aminiyarta Yalwa. Tare suka yi tallan ƙuruciya, shekara ɗaya aka kawo su aure unguwar. Mijin Yalwa, Malam Sule, da can manomi ne na ji da gani, daga rumbunsa ake fitar da zakka ana raba wa wasu. Wata Alhamis ya faɗo daga kan motar kaya a hanyar dawowa daga kasuwar Shinkafi, ƙafar ta ɗoru a karkace, noma ya gagare shi. 'Ya'yansa maza biyu sun tafi kudu neman kuɗi, saƙonsu sai jefi-jefi. Shekara uku ke nan gidan yana cin sussukar Iyatu. Malam Sule kuwa in an zauna a ƙofar masallaci, yakan dafa sandarsa ya ce Allah ya ba shi mace mai zuciya, har yau bai san ɗanɗanon sadaka ba. Iyatu in ta ji labarin nan daɗi take ji har cikin ranta.

Tun kafin wannan an yanke Zamfara daga Sakkwato, bayan 'yan shekaru aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya ɗauki zancen zakka da taimakon gajiyayyu, ƙungiyoyi suka yi ta fitowa, kowace da allonta da hatiminta. A ɗaya daga cikinsu, mai ofis a Kaura Namoda kusa da tashar jirgin ƙasa, Murtala ya samu aiki. Ɗan ƙanen Iyatu ne. Uwarsa ta rasu yana wata bakwai, Iyatu ce ta goye shi, da kuɗin furarta ya yi makaranta. Yanzu ga shi magidanci da gemu, da babur, da jakar takardu da ba ya rabuwa da ita ko bayan gida zai shiga.

Wata ranar Asabar da hantsi ya iso, ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha fura, sannan ya kwance jakar. Ƙungiyarsu, in ji shi, ta haɗa hannu da Alhaji Anas, babban dillalin hatsin nan na kasuwar Shinkafi. Alhaji zai ba da buhu arba'in, ƙungiya ta ƙara arba'in daga masu tallafa mata, a raba tsakanin Badarawa da Birnin Tsaba ta ƙasar Zurmi. Matsalar ɗaya ce. Duk inda suka ce mabuƙata su zo, masu ƙarfin baki ke cika layi.

“Gwaggo, ke kaɗai kin san masu yunwar gaske cikin garin ga,” in ji shi. “Sunayensu nika so.”

“Wa yac ce maka ina da sunaye?”

“Gidan ga nit tashi. Na san jakin ga ba yawon banza shika yi ba.”

Iyatu ta ci gaba da cura fura. “Abin da idona yag gani cikin gidan mutane, ba nau ba na, balle in ba ka. Tashi ka tahi, rana na yi.”

Ya tafi, amma ya dawo. Sau uku yana dawowa, kuma a tsakani daminar bana ta yi abin da ta ga dama. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fidda kai, gero ya ƙanƙance. Gidajen da Iyatu ke kai wa aiki daga goma sha ɗaya suka koma goma sha tara, masu tura mata dammuna kuwa kowa ya rage hannu. Ta tsaya ta leƙa rumbunta ta ga ko watan azumi ba zai kai ba. A zuwansa na huɗu Murtala ya same ta a raunane, ya kuma zo da maganar da take son ji. Buhunan ita za a damƙa wa, ta raba yadda ta saba. Sunayen don ofis ne kawai, a san hatsi bai bi iska ba. Zai saka takardar a durowa ya kulle, makullin yana aljihunsa.

“Ka rantse?”

“Gwaggo, ke fa kinka goye ni. Wallahi ba mai ji.”

Ta faɗa, ya rubuta. Da ta tsaya a nan ma da sauƙi. Amma sai ya tambayi yadda take yi mazajen ba su gane ba, ita kuma, tsohuwar da ta shekara goma sha biyar ana ce mata raguwa, ta ji daɗin samun wanda za ta faɗa wa. Ta zayyana masa komai, dami uku, tsabar ɗaya, tukunyar ruwan da ake rufewa da murfi, har da abin da Malam Sule ke faɗa a ƙofar masallaci. Murtala yana ta girgiza kai yana cewa wannan hikima ce, biro bai tsaya ba. Ta ga biron yana tafiya, ta ɗauka sunaye yake gyarawa.

Bayan mako biyu ya aiko cewa ta je filin ƙwallo ranar Lahadi da safe ta karɓi kaya. Ta ɗaura zanen aikinta, ta ja jaki, tana tunanin sawu nawa za ta yi. Tun daga kwanar mahauta ta ji ana gwada lasifika. Da ta ɓullo filin sai ta ga rumfuna biyu, kujeru jere, ƙyalle mai rubutu an ɗaure tsakanin itatuwa, buhuna an gina su kamar katanga. Ga mai hoto, ga wani da rikoda a rataye wai daga gidan rediyo. Rabin gari yana tsaye a rana. A gaba kuma an ajiye benci biyu, magidanta goma sha tara suna zaune, kowa da rigarsa ta Juma'a. Iyatu ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta ga kaf mazajen gidajen da ta ba da sunayensu ne. Jiya an bi su gida-gida an ce ana nemansu a fili, su kuma suka ɗauka rabon takin zamani za a rubuta. Malam Sule yana na uku daga dama, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa, yana murmushi.

Ta nemi Murtala, ta hango shi yana kai da kawo tsakanin manya. Ta ɗaga masa hannu, ya ɗago mata nasa da fara'a, ya sa aka kama mata jaki aka zaunar da ita a kujera cikin rumfa, kusa da Alhaji Anas. Alhajin ya gaishe ta da girmamawa ƙwarai. Mutumin kirki ne, kuma a fuskarsa ana ganin yau yana jin ya yi abin Allah.

Aka buɗe da addu'a, aka yi jawabai. Sannan Murtala ya karɓi lasifika. Ya iya magana, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya ce kafin a zo da ƙungiya, kafin a zo da ofis, akwai wata baiwar Allah a garin nan da ta riga kowa. Ya ce shekara goma sha biyar tana ciyar da gidaje ba tare da mazajen gidan sun sani ba. Ya kawo dami uku, ya kawo tsabar ɗaya. Ya kawo tukunyar ruwa da murfinta, har wasu baƙi a rumfa suna share ido. Ya ce akwai ma dattijon da ke alfahari bai taɓa cin sadaka ba, alhali shekara uku hannun wannan baiwar Allah ke riƙe da gidansa. Bai kama suna ba. Ba ya buƙata, domin duk wanda ke salla a masallacin unguwar ya juya ya dubi benci.

Iyatu ta yunƙura za ta tashi. Aka yi kabbara, aka ɗora mata turmin atamfa da wata takarda mai ado a cinya, mai hoto ya durƙusa ya ɗauka. Ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ta taɓa jin ta tsani muryar mutum kamar yadda ta tsani muryar ɗan da ta goya ba.

Aka fara kiran sunaye, kowa da sunan mahaifinsa da unguwarsa, lasifika tana kaiwa har bakin kasuwa. Na farko ya tashi kansa a ƙasa, aka kama babban yatsansa aka dangwala a tawada aka manna a takarda, aka ce ya dafa buhu ya kalli mai hoto. Na biyu ma haka. Tawadar irin mai naci ce, wadda ke kwana huɗu a yatsa ko an wanke da toka.

“Malam Sule na unguwar Gabas.”

Ya daɗe bai motsa ba. Sai da aka sake kira, sannan ya dogara sanda ya miƙe. Bai nufi teburin ba. Ya ɗaga kai ya dubi rumfar, ya samu Iyatu, ya tsaya yana kallonta. Babu faɗa a idonsa, da akwai ma da ta fi samun sauƙi. Daga nan ya juya ya kama hanyar gida. Filin ƙwallo yana da faɗi, mai ƙafa ɗaya da rabi kuma ba ya sauri, saboda haka gari duka ya tsaya yana kallon bayansa, farar rigar tana jan ƙasa ta gefen da ƙafar ta karkace. Mai lasifika ya rasa abin yi, ya kira na huɗu. Cikin goma sha taran, bakwai suka bi sawun Malam Sule. Sauran suka karɓa, domin akwai yara a gida.

Da aka watse, Murtala ya zo yana share gumi, yana jiran a sa masa albarka. Ta miƙa masa atamfar da takardar.

“Durowar taka ke nan?”

Fara'arsa ta ragu. “Gwaggo, ki hwahimce ni. Masu ba mu tallahi sun ce sai sun ga hoto da yatsa, in ba haka ba baɗi ba su ƙarawa. Alhaji kuma na son wasu masu hali su gani su yi koyi. Ni kuwa na gaji da jin ana ce maki raguwa. Na so duniya ta san ko ke wa ta.”

“Ni nac ce maka ina son a sani?”

“Yunwa fa muka yaƙi da ita. Mutum shi ci shi rayu, kunya ta kwana biyu ta.”

“Kai ka taɓa ganin Malam Sule na auna zakka bakin rumbunai? Ni na gani.” Ta kwance igiyar jakinta daga jikin itace. “Ka rantse mani, Murtala. Da bakin da nib ba kunu da ludayi ka rantse mani.”

Alhaji Anas, wanda ya ji ƙarshen maganar, ya matso cikin damuwa ta gaske. Ya ce shi bai ga abin da aka yi ba daidai ba, amma in mutanen nan sun ji nauyi ne, a ɗora buhunansu a mota a kai musu har ƙofar gida. Iyatu ta dube shi, ta ga har zuciyarsa yake nufin alheri. Ta yi masa godiya ta wuce. Aka kuwa kai buhunan da mota, yara na bin ta da gudu suna kiran sunan kowane gida. Na Malam Sule ya yini a ƙofar zaure, awaki suka huda shi, da la'asar aka zo aka ɗauke.

Kwana uku Iyatu ba ta fita ba. A rana ta biyu ta ji labarinta a rediyon maƙwabta, ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. A ta huɗu ta ce zama ba zai ciyar da kowa ba, ta ɗora dami a kan jaki ta fita kamar yadda ta saba. Gidan farko matar ta leƙo daga bayan zana ta ce turminsu ya tsage. Gida na biyu aka ce uwar gida ba ta jin daɗi. A na uku maigidan ne da kansa ya fito, tawadar tana nan a yatsansa, ya ce Gwaggo ta yi haƙuri, iyalinsa sun daina aikin waje. Matan da ke yi mata dariyar ƙyuya yanzu durƙusawa suke yi in ta wuce, suna ce mata baiwar Allah. Ta gwammace dariyar sau dubu.

Gidan Yalwa ta bari ƙarshe, domin shi ta fi tsoro. Ta yi sallama, aka amsa. Malam Sule yana ɗaki, an ce tun ranar bai sake zama ƙofar masallaci ba, salla kawai yake yi ya dawo. Yalwa tana zaune a bakin murhu. Iyatu ta sauke dami uku a tsakar gida, ta ce, da muryar da ta saba, “Ga aiki nan, in kin samu sarari.”

Yalwa ta dubi dammunan. Ta ce, “To.”

Iyatu ta koma gida da sauƙi a ƙirjinta. Ta ce a ranta shekara arba'in ba wasa ba ce, ko kowa ya juya mata baya Yalwa ta san zuciyarta. Da rana ta jiyo ƙarar taɓarya daga wajen gidan, har ta yi murmushi.

Washegari da safe tana dama fura aka yi sallama. Yalwa ce, wadda a shekara uku ba ta taɓa kawo tsaba da ƙafarta ba, kullum Iyatu ke zuwa. Ta sauke babban masaki daga kanta. Ta koma waje ta shigo da na biyu, ta sake komawa ta shigo da na uku. Sannan ta kwance wani ƙullin tsumma daga ƙugunta ta ajiye a gefe. Ƙaiƙayi ne, ta tattaro shi kaf.

“Ga hatsinki, Iyatu. Ki auna.”

“Yalwa, mi ya kawo awo tsakanina da ke?”

“Malam yac ce in hwaɗa maki ba mu ɗebi ko ƙwara ba. Ki auna gabana, in samu abin hwaɗa mai.”

Iyatu ta dubi hannuwan Yalwa. Tafukan sun yi kanta sun fashe, leɓenta ya bushe. Dami uku ta sussuke ita kaɗai, ta sheƙe, da cikin da Allah kaɗai ya san rabonsa da tuwo.

“To ki ɗauki ladanki na gaskiya. Tiya guda, awa kowa.”

“Ba don lada niy yi ba. Shekara uku muna ci, na ce bari in yi maki guda kyauta.” Ta gyara lulluɓinta. “Ni na san abin da kika yi tun rana ta hwarko, kuma ban taɓa hwaɗa ma ko ɗiyana ba. Na ɗauka ke ma haka.”

Iyatu ta buɗe baki za ta ce Murtala ne, sai ta tuna wa ya faɗa wa Murtala, ta rufe. Ta ɗebo fura a ƙwarya, ta zuba nono, ta miƙa da hannu biyu.

“Ko hura ki sha, don Allah.”

“Na ƙoshi,” in ji Yalwa. Ta yi sallama ta fita.

Iyatu ta daɗe tsaye da ƙwaryar a hannu, masakai uku cike da tsaba a gabanta. Da hantsi ya yi ta fita bayan gida, ta taka tsohon turmi ta leƙa ta kan danga wajen gidan Malam Sule. Gidajen kusa duk hayaƙi na tashi. Nasu shiru. Yau ko tukunyar ruwan Yalwa ba ta ɗora ba, tun da babu sauran wanda za ta ɓoye wa.